Spase da Matattun Kan Tudu

A ƙauyenmu na bakin kogin Vardar, in ka ga tsoho ya sunkuya a gonar inabi ya ɗauki tsingaro yana lasa, kada ka kira masa likita, Spase ne. Wai da harshe ake gane tsohuwar tukunya da sabuwa. Mu maƙwabta mukan ce masa, a ci lafiya.

Shekara talatin da huɗu ya yi yana wa masu binciken tarihi haƙa a tudun bayan gari. Da diga ya fara, da suka ga hannunsa ba ya ɓarna suka ba shi cokalin magina da burushi. Shi ya tono wata mata a kabarinta, da warwaron tagulla har gwiwar hannu. Aka kwashe ƙasusuwan a kwali, aka rubuta lamba, aka wuce da ita Skopye, babban birni. Ya tambayi shugabar aikin, Farfesa Zoritsa, sunan matar.

Ta ce, "Kawu Spase, ko yarenta ba mu sani ba, balle sunanta. 'Yar Payoniya ce, mutanen da suka zauna a nan tun zamanin da, iyakar abin da zan rantse a kai ke nan."

"Yaren ba shi da dangi ne?"

"Dangi ma sun yi masa yawa. Wasu sun ce ɗan'uwan Girkanci ne, wasu na jan sa wajen Iliriyawa, wasu wajen Tirasiyawa. Abin da ya rage kuwa bai cika tafin hannu ba: sunan ɓauna, sunan kifi iri biyu, sai sunayen mutane da garuruwa."

"Ashe gado ne," in ji Spase. "Kowa na so, babu mai zuwa kabari."

Lokacin dariya ya yi. Daga baya matarsa Menka ta rasu, ɗansa tilo Dimko kuma tuni ya tare a Melbon, can ƙetaren teku. Ran Lahadi ake nuna masa jikoki a waya, su ɗaga masa hannu. A yarenmu kalma uku suka iya: kaka, sannu, sai anjima. Spase ya lissafa da yatsa, ya ga daidai suke da ɓauna ɗaya da kifi biyu. Tun daga ranar abu ɗaya ya tsaya masa a rai: in ya mutu, wa zai kira sunansa ranar Asabar ɗin matattu?

A wannan Asabar kowa kan dafa alkama da sukari, ya rubuta sunayen mamatansa a takarda ya miƙa wa limamin coci ya karanta, sannan a raba alkamar, duk wanda ya ci ya ce Allah ya gafarta wa wane. Wata shekara Spase ya miƙa tasa takardar. Limaminmu Fada Metodi ya karanta Menka, ya karanta iyaye, sai ya tsaya ya gyara tabarau.

"Spase, wannan Audoleon ɗin ɗan gidan wa ne?"

"Ɗan gari ne, Fada, ɗan Payoniya, a bakin Farfesa na ji sunansa. Ya riga kakanka zuwa nan."

"Patraos fa? Da wata Mai Warwaro? An yi musu baftisma?"

"Sun mutu kafin a haifi Almasihu da ɗaruruwan shekaru. Laifinsu ne?"

"Ba nawa ba ne ni ma. Na coci zan karanta, sauran ka mayar wa Farfesarka."

Tsofaffin mata suka rufe baki da gyale suna dariya. Spase ya karɓi takardarsa, ya ɗauki kwanon alkama da kwalbar giyar inabi, ya hau tudu da rana tsaka. Ya sami ramin da ya tono matar, ciyawa ta cike shi. Ya zuba giya a ƙasa, ya karanta sunayen da kansa, sannan ya zauna da kwano a cinya. Alkamar ba ta zama sadaka sai wani bakin ya ci ya yi addu'a, a kan tudun kuwa daga shi sai ƙadangaru.

A haka na same shi, na biyo sawun akuyata.

Na ce, "Maƙwabci, baƙin naka sun makara?"

"Zauna ka ci, makwaɗaici. Yau dai bakinka zai yi amfani."

Na ci cokali uku, na ce Allah ya gafarta wa Mai Warwaro da Patraos da wancan mai dogon suna. Ya sa na maimaita har sau huɗu kafin ya yarda. Sannan ya zaro fensir ya ƙara suna ɗaya a ƙasan takardar, ya naɗe ta ya cusa mini a aljihu. Na duba, ashe sunan kansa ya rubuta.

Na ce, "Haba, shekara shida kawai ka ba ni."

"Shi ya sa na zaɓe ka. Mugu ba ya mutuwa da wuri."

Bara, bayan an gama tsinkar inabi, ya rasu a kan kujerarsa, wayar na kusa da hannunsa. Dimko ya zo ya kwana uku, ya kulle gida ya koma. Tsingaron da ya tara ya jera a taga har yanzu ana hango su ta gilashi.

Takardar tana wurina. Fada Metodi yana karanta Menka da Spase ba gardama, sauran ukun ni ke haurawa da su. Farfesa ta leƙo kwanan baya, na tambaye ta ko an gano dangin yaren, ta ce ana nan ana ja. Gwiwata ta fara ƙin hawan tudun. Wannan Asabar ɗin sai da na huta sau biyu a hanya, na zauna a bakin ramin da kwano a cinya har rana ta karkata, ko wani zai biyo sawun akuyarsa.