Matar da Kura Ke Ɗora wa Kaya

A gidanmu na unguwar Ammariyya a Jidda, da an idar da sallar Magariba sai mu yara mu haye saman soro, domin a can Sitti Hauwa, kakata ta wajen uwa, take suyar gyaɗar da za ta kai bakin makaranta da safe. Gawayi a tsohon kasko, yashi a tukunya, ita kuma a kan 'yar kujera tana juyawa. Ga zafin Jidda ga zafin wuta, gumi har cikin ido, amma ba mai sauka. Kuma ba don Allah muke zaman ba, gyaɗar da ta ƙone muke jira, ita ce rabonmu.

Sitti ta shigo ƙasar nan ta hanyar Sudan tana yarinya, har ta rasu Larabcinta bai wuce na ciniki ba. Mu kuwa Hausarmu ce gurguwa. In ta ce, "To ga ta nan, kowa ya buɗe kunne," sai mu haɗa baki mu ce, "Yalla ya Sitti!"

"Ku ji min 'ya'yan nan," in ji ta. "Ko amsa tatsuniya ba su iya ba, sai cin gyaɗa."

Wadda ta fi maimaita mana ita ce ta wata mata mai suna Tabawa, mai zuwa daji yin itace. Sai da Sitti ta tsaya ta yi mana bayani, tunda ba mu taɓa ganin mace da kaya a ka ba: a ƙasarsu, in kaya ya yi nauyi, ba ka ɗauka kai kaɗai, sai wani ya kama maka ya ɗora, in ka isa kuma wani ya sauke ka. To Tabawa ba ta da mai ɗora mata sai wata kura. Kullum in ta ɗaure itacenta, kura ta fito ta ɗora mata, ita kuma ta ba ta ƙunshin abincinta. Haka take komawa gida da yunwa, tana ta yi wa kura addu'a, tana cewa ba don ita ba da ita da 'ya'yanta sun lalace.

Ran nan kura ba ta zo ba. Tabawa ta yi kira har muryarta ta dushe, rana na ta yin ƙasa, ga shi ana rufe ƙofar gari da faɗuwar rana. Ta zauna ta sha kukanta. Can sai ta mirgina damin itacen ta hau da shi kan wani suri, ta durƙusa ta cusa kanta a ƙarƙashi, ta miƙe. Tana tafe tana tunani: ashe duk shekarun nan kura ɗorawa kawai take yi, wuyan da ke kai kayan har gida nata ne. Ko da ta isa, an riga an rufe ƙofa. A waje ta kwana, ita da itacenta.

"Halas, ta ƙare," Sitti ta ce, ta ci gaba da juya gyaɗa.

"Bas kida? Shi ke nan?" in ji yayata Maryam. "Ba a buɗe mata ba?"

"Ni na ce muku za a buɗe? Cewa na yi ta ɗauka."

Na tsani ƙarshen nan. Sau da yawa nakan gyara shi a raina, in sa mai gadi ya ji tausayinta.

Yanzu ni ce uwar 'yan mata biyu. Mijina Usman ya yi aiki a wani sito a Khumra, iƙamarmu duka, wato takardar izinin zama, a ƙarƙashin tasa take. Ya daɗe yana jinya kafin Allah ya karɓi abinsa. Da na fita takaba na shiga zagayen neman wanda zai tsaya mana a sabunta iƙama: kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa, yayyena, dattawan unguwa, duk wanda aka ce min yana da hanya. Kowa ya karɓe ni da mutunci, a ba ni shayi, a ce, "Inshallah, ya ukhti, ki yi haƙuri, za mu duba." Na yi godiya har bakina ya gaji. Ban ce sun ƙi ba ne, wasunsu su ma a rataye suke. Ƙarshenta dai magana ta tsaya a kan cewa sai mun tafi Kano, garin da ni da aka haifa a nan ban taɓa gani ba, balle yarana.

A wajen yi wa wata amarya lalle ne abin ya faɗo min. Ina riƙe da hannunta ina zane, sai na tuna cewa tun da Usman ya kwanta, da wannan lallen da ɗinkin abaya na ciyar da gidan, na saya masa magani, na riƙe yara a makaranta. Amma ko sau ɗaya ban kira shi aiki ba, cewa nake yi ina ɗan taɓawa. Sai da na fita waje na share hawaye, kada in ɓata wa yarinya hannu.

Na so a ce gane hakan ya canza wani abu. Bai canza ba. Tafiya tana nan, kuma tsoro nake ji ƙwarai. Ban san kan garin ba, ban san ko matan can za su so irin zanena ba, yarana kuma ko cikakkiyar gaisuwa ba su iya da Hausa ba. Kabarin Sitti da na Usman duk a nan za mu bar su. Yanzu na san abin da tsohuwar nan take nufi, ita da ta tsallako teku ba ta san kowa ba, kuma har yau ina jin haushin yadda ta yi gaskiya.

Shekaranjiya muna naɗe kaya a cikin akwati, ƙaramar, Salma, ta ajiye rigar da ke hannunta.

"Ummi, a Kano min yistaƙbilna?" Wato wa zai tarbe mu, wa muka sani a can.

Na duba a raina ko akwai sunan wani namiji da zan ba ta, kawu ko baffa, don hankalinta ya kwanta. Babu.

"Ni kuka sani," na ce. "Miƙo min rigar."