Awon Hancin Jika

Babana tela ne, shekara arba'in yana taka keke a shago ɗaya. Ba shi da yawan magana, amma in ya kalli kafaɗarka sau ɗaya ya gama awo. Yana da dogon farce a yatsansa manuni, da shi yake karya bakin yadi kafin ya ɗinka. Ko Inna ba ta isa ta ce ya yanke shi ba.

Da na haifi 'yata, idonta na hagu kullum cikin ruwa yake, da safe kwantsa ta liƙe shi. Likita ya ce hanyar da hawaye ke bi ya sauka hanci ce a toshe tun haihuwa. Ya nuna min yadda zan wanke hannu, in danna gefen hanci kusa da ido, in ja ƙasa, sau huɗu a rana. In ta shekara hanyar ba ta buɗe ba, sai a sa mata barci a zura siririyar waya. Wayar nan ta hana ni sukuni.

Wata shida ina yi, shiru kake ji. Rannan Baba ya ɗago daga keke ya gan ni ina yi.

"Wannan ai shafa ce," ya ce. "Tausayi ya hana ki aiki."

Washegari ya bi ni asibiti, ya cire tabarau, ya miƙa wa likita fuska. "Danna nawa hancin, in ji awon ƙarfin da ake dannawa." Kunya kamar in nutse, amma likita ya danna. Muna komawa shago Baba ya ɗauki almakashi ya datse farcen nan, ya wanke hannu, ya ce, "Miƙo min ita." Daga ranar shi ya karɓi dannar.

Tana wata goma sha ɗaya muka koma. Likita ya ɗiga mata wani ruwa rawaya a ido, muka zauna jira. Minti biyar ruwan ya wuce, ido garau.

"Ba sai an sa waya ba," ya ce. "Dama yawancinsu da kansu suke buɗewa."

Baba ya gyaɗa kai, ya yi godiya. Ni ce raina ya sosu. Likita ya san karatunsa, ban musa ba. Amma ni na san mutumin da ya yi wata biyar yana tsayar da keke sau huɗu kullum, masu ɗinki na jira suna ƙunƙuni, yana wanke hannu da sabulu har fatarsa ta tsage. Ubana ne, kuma ina alfahari da shi.