Harsashin Baba Isiya a Filin Jirgi

Har yau ban manta da ranar da muka kai maniyyatan yankinmu filin jirgin Sakkwato ba. Lokacin ina ƙaramin jami'in lafiya a Talatar Mafara, aka sa ni cikin ayarin da zai kula da mutanen Mafara, Bakura da Maradun har Makka. Ban taɓa shiga jirgi ba. Murna ta hana ni ko karyawa.

Ga wanda bai sani ba, kafin a hau jirgi kowa sai ya zube waya, makulli da agogo a faranti, sannan ya ratsa wata ƙofa mai jin ƙarfe. In ta yi ƙara, a dawo da mutum baya.

Cikin mutanena akwai Baba Isiya, manomi daga Gidan Goga. Yana ratsawa ƙofar ta ɗauki ƙara. Ya cire takalmi ya sake shiga, ta kuma yi. Layi ya tsaya cak, ana ta leƙe. Tsohon ya riƙo hannuna.

"Ɗana, mi na yi? Shi ke nan ba ni zuwa?"

Ni na duba lafiyarsa tun a gida, na san abin da ke jikinsa. Na matsa wurin shugaban masu binciken na ce, "Ranka ya daɗe, harsashi ne a cinyarsa. 'Yan bindiga suka harbe shi a gona, likitoci suka ce cirewa ta fi barinsa haɗari."

Ya ce, "To, mu duba a ɗaki, ba a gaban jama'a ba."

Muka shiga. Ya bi jikin Baba da 'yar na'urar hannu, shiru, sai da ta iso cinyar hagu ta yi kuka. Baba ya naɗe wando ya nuna tabon. Jami'in ya daɗe yana kallo, sannan ya durƙusa ya sa masa takalminsa da kansa.

"Baba, wuce. In ka isa, ka sa mu a addu'a."

Muna fitowa Baba ya ɗaga hannu ya ce, "Jama'a, na wuce! Ni da harsashin duka za mu yi ɗawahi!" Wurin ya kaure da dariya da kabbara, har da ni.

Shi ya sa nake gaya muku, ku san jikin kowane maniyyaci kafin a bar gida, ku sanar da masu bincike tun bai shiga layi ba. Kada ku ji tsoronsu. Su ma suna da iyaye a ƙauye.