Na Sa Inna Ta Ɓoye Ƙafarta, Ashe Irinta Na Gada

Lokacin da abin ya faru ban daɗe da gama jami'a ba, ina koyarwa a wata sakandare a Kabo, ƙarshen mako kuma in koma gidanmu a Madadi. Ni mutum ce mai yawan taraddadi, komai zan yi sai na auna abin da mutane za su ce. Ina jin wannan halin ne ya kai ni ga abin da zan faɗa, ko da yake ba uzuri nake nema ba.

Innata tana da wani tudun ƙashi a gindin babban yatsan ƙafarta, har yatsan ya karkace ya jingina da na kusa da shi. Tun ina ƙarama nake ganinsa, bai taɓa damuna ba sai da na zauna a birni. A raina na yanke cewa yawo babu takalmi a gona ne ya jawo, wato ƙafar ƙauye. Ranar da ƙawayena na jami'a suka kawo mana ziyara, na ja ta ɗaki na miƙa mata safa, na ce ta saka saboda sanyin siminti, alhali ana tsakiyar bazara. Ta dubi safar, ta dube ni, ta saka. Haka ta yini tana kai da kawo da kwanukan abinci.

Ni kuwa takalmi mai tsini da tsukakken baki nake sawa kullum, don a san malama ta yi boko. Sannu a hankali gindin yatsana na dama ya fara zugi, musamman in na daɗe a gaban allo ko na zauna tahiya. Can sai na ga tudu ya fito irin na Inna sak. Tsoron haɗuwa da idon sani ya hana ni zuwa asibiti, na hau babur zuwa wajen wani mai ɗori can gaba da Gude. In zan yi wa dattijon adalci, ya faɗa min wannan ba karaya ba ce, ba kuma targaɗe ba, in koma gida. Ni ce na nace har ya ja yatsan ya ɗaure da kara da tsumma. Washegari ƙafar ta kumbura suntum, na kasa takawa, ga ɗalibaina suna dab da jarrabawa. Shugaban makaranta ya aiko cewa in ban dawo da wuri ba za a ba wani ajin.

Inna ce ta kwance ɗaurin ta kai ni asibiti a Gwarzo. Likita ya ce, in dai na fahimce shi daidai, gaɓar ce ke gocewa a hankali, sau da yawa gado ne, matsattsen takalmi kuma yana ƙara tsananta shi. Ya ce ja da ɗauri ba sa mayar da ƙashin. Faffaɗan takalmi, ɗan abu mai taushi tsakanin yatsu da maganin zugi su ne farko, tiyata kuwa sai in ya hana tafiya. Sai ya tambaya ko akwai mai irinsa a gidanmu. Na sunkuyar da kai ina inda-inda. Inna ta zare silifas ta miƙa ƙafarta, ta ce ga tushen nan, ita ma wajen tata uwar ta gada, kuma da wannan ƙafar ta yi noma har ta kai 'yarta jami'a. Ta juyo tana murmushi ta ce kada in damu, safar nan ta ajiye min ita a ƙasan akwati. Likita ya yi dariya, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na samu na koma aji kafin a sauya ni, da faffaɗan takalmin da a da nake yi wa kallon na tsofaffi. Tudun yana nan, zugin dai ya ragu. Na roƙi Inna gafara, ta ce ita ta manta, amma ni na kasa mantawa. Ba ni da ilimin likita, abin da zan iya cewa kawai shi ne, wanda ya ga yatsansa ya fara karkacewa ya saki matsattsen takalmi ya je asibiti da wuri. Kada kuma wani ya ji kunyar ƙafar da ta goya shi. Yanzu in muka yi baƙi, kusa da Inna nake zama a tabarma, ƙafafunmu a miƙe, babu safa.