Ranar da Inji Ya Kai Ƙararmu Kano

Ko da tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, ranar da inji ya kai ƙarar gidanmu Kano ba za ta bi shi ba. Bari in ɗauko muku zancen tun daga tushe.

Jikata ta fari ce ta buɗe shago a zauren gidanmu a nan Rano, tana buga wa mutane takardu. Injin ba nata ba ne. Wani dila ne a birni yake ajiye wa mutane irinsa, shi ke kawo garin tawadar da injin ke ci, shi ke gyara idan ya lalace, ita kuma ta sallame shi gwargwadon aikin da ta yi. Ranar da aka sauke shi daga mota, fari fat, ya kusa kawo mini ƙirji, na ce to, baƙon amana ya sauka. Ni nake goge shi da safe, ni nake lulluɓe shi da zane idan an tashi.

A daminar farko wata makaranta a Durba ta ba ta buga takardun jarrabawa, babban aikin da ta fara samu ke nan. Shugaban makarantar bai ɓoye mata ba: in ta kai washegari da safe, aikinsu ya zama nata, in ta saɓa, za su koma birni inda suka saba. Da hantsi ta hau babur ta tafi karɓo sauran tambayoyin, ta bar ni da tsaron zaure.

Ina zaune ina ɓarar gyaɗa, sai ga wani magidanci mai furfura a gemu ya tsaya da babur, da kwali ɗaure a baya. Muka gaisa, ya ce, "Iya, daga wajen masu inji nake, na kawo masa tawada."

Na ce, "Wa ya kira ka? Mai shagon ba ta bar mini sallahu ba."

Ya ce, "Ai ba ita ta kira ba, Iya, injin ne da kansa. Akwai layin waya a cikinsa, in abincinsa ya kusa ƙarewa sai ya sanar da mu."

Jama'a, sai na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Mu a gidan da muka tashi, ko ba abin ɗorawa sai an hura wuta hayaƙi ya tashi, don kada maƙwabta su san halin da ake ciki. Yau ga baƙon da nake lulluɓewa da zanena ya aika har Kano cewa muna barinsa da yunwa!

Na ce, "Malam, koma da kayanka. A gidan nan ko akuya ba ta kwana da yunwa."

Ya yi dariya, da ya ga fuskata sai ya haɗiye ta. Ya nemi jikata a waya, ba ta shiga. Ya ce, "Iya, Rurum zan wuce, akwai wani injin yana jira, ga hadari. In na tafi ba zan dawo nan ba sai wani mako." Na ce Allah ya kiyaye hanya.

Har ya hau babur, sai wani tunani ya zo mini. Mutumin nan zai koma birni da maganar inji kaɗai, ba wanda zai ƙaryata ta. Na miƙe na ce, "Sauko! Ba inda za ka sai ka ci abincin gidan nan, ka je ka gaya musu abin da bakinka ya shaida."

Ya ce, "Iya, wallahi na ƙoshi."

Na ce, "Ban tambaye ka ba."

Na shimfiɗa masa tabarma, na shiga na turara dambu da zogale, ban yi gaggawa ba, don dambun gaggawa ba ya wanke suna. Ya ci ya yi hamdala, zai tashi na dire masa fura da nonon maƙwabciyata Bafulatana. Yana cikin sha, sai ruwan sama ya kece.

A cikin ruwan nan jikata ta faɗo zaure sharkaf. Tana ganinsa ta ce, "Malam, Allah ne ya kawo ka! Tun safe jar fitilar injin ke kamawa, alamar tawada ta kusa ƙarewa." Ya nuna ni da ludayi ya ce, "Inji ya kawo ni, Iya ta kore ni, dambu ya tsare ni."

Da ta ji yadda aka yi, ta dafe bango tana dariya har da hawaye. Ta ce, "Tsohuwa, zo ki ga yunwar da idonki." Ta danna, takarda ta fito fari-fari kamar allon da aka wanke. Mutumin ya wanke hannu, ya buɗe cikin injin, ya zare tsohon mazubi ya sa sabo. Ta sake dannawa, rubutu ya fito baƙi wuluk. Kafin magariba takardu sun taru tuli-tuli, ni ce ma mai jerawa. Da safe ta kai su Durba, har yau aikin makarantar nan a zaurenmu ake yinsa.

Abin ya zauna mini a rai. A makon da abin ya faru na kira jikata na gaya mata abin da na daɗe ina ɓoyewa, cewa idona na hagu hazo kawai yake gani. Ta yi faɗa, ta kai ni asibiti aka cire yanar. Yanzu da kaina nake zura zare a allura.

Mun tashi an koya mana rufin asiri, kuma abu ne mai kyau. Amma ranar na gane cewa gaya wa mai kula da kai buƙatarka tun ba ta kayar da kai ba, ba tonon asiri ba ne. Sauƙaƙa masa ka yi.