Rakiyar Albasa Zuwa Ibohamane

Madawa

Tun kafin kiran assalatu kakana ya buga ƙofar ɗakina da sandarsa. "Amarya, tashi! Soja ba ya jiran rana." Ya haura tamanin, ya bar soja tun kafin a haife ni, amma har gobe gidanmu bariki ne a wurinsa. Ni aka ɗora wa rakiya, don muna hutun lakwal, wato makaranta, kuma wai ni kaɗai ke iya mayar masa da magana.

Ga abin da ya tashe mu. An bugo waya daga Ibohamane cewa Baba Agali, wanda suka yi soja tare, tsufa ya tafi da tunaninsa, ko 'ya'yansa ba ya ganewa. Ni ban iya kwana-kwana ba. Na ce, "Tsoho, mutumin da bai gane ɗan cikinai ba, kai za shi ganewa? Wahala dai za mu sha."

Ya ce, "A bariki Albasa anka sa min suna, don daga Madawa garin albasa na hito. Duk waɗanda sunka san sunan ga sun riga mu gidan gaskiya, shi kaɗai ya rage. In shi ma ya mance, to yaron da ya yi soja ya mutu ke nan. Sai wanga tsoho da kike ma tsawa."

A tasha muka sayi kilishi na tsaraba, muka shiga motar Buza, jika guda da rabi kowane mutum. Direba ya ce a ɗaure sandar a bisa tare da kaya. Tsoho ya ce, "Ka taɓa ganin soja ya ba da bindigatai an ɗaure da buhu?" Haka sandar nan ta yi ta zungurar haƙarƙarina har muka isa.

A shingen jandarma kowa ya miƙa katinsa, shi kuwa ya zaro na soja wanda hoton ciki ya koɗe. Jandarman ya ƙame ya sara masa. Maimakon mu wuce, sai tsoho ya ce hularsa ta karkace, ya leƙo ta taga ya gyara masa. Wata mata mai kaji ta ce, "Baba, in ka gama faretin muna da kasuwa."

Buza

Da hantsi muka sauka, motar Keita tana lodi, saura mutum uku. Na ja hannunsa. Ya ce sam, ba ya ratsa garin surukansa kamar ɓarawo. Kakata marigayiya Hauwa 'yar nan ce. Muka shiga gida wajen shida, kowane gida sai an kawo fura, sai an lissafa wanda ya mutu da wanda ya haihu. Kafin mu dawo mota ta tashi. Na yi fushi har na ƙi cin kwaɗon zogalen Gwaggo Rabi, ƙanwar babana da muka sauka a gidanta. Daga baya na ci, kwano biyu.

Muna cin tuwo da yamma tsoho ya nuna wa Gwaggo tabarmar da muke zaune a kai. Ya ce lokacin da aka kai shi arewa aikin soja, sai ya shekara bai leƙo gida ba, da saƙar irin wannan Hauwa ta riƙe yara bakwai. "Galon kafaran da anka liƙa min a kafaɗa sa'ad da na samu girma, ita ya kamata a liƙa ma."

Na ce, "Ka hwaɗa mata tana da rai?"

Ya ce, "Ke dai bakinki ba ya da birki." Gwaggo ta ce ya faɗa, sau ɗaya, ranar da ya fasa wa Hauwa tukunya.

Hanyar Keita

An kwana ana ruwa. Muka hau bayan wata buɗaɗɗiyar mota, ni kan buhun gishiri, shi a gaba don girmansa. Ba mu yi rabin hanya ba muka tarar korama ta kawo, ja wur, tana jan itace. Direba ya kashe mota ya ce sai ta janye. Na tambaye shi yaushe. Ya ce in tambayi koramar.

Tsoho ko a jikinsa. Ya nuna mini layukan duwatsu da itatuwa a jikin tudu, ya ce bayan ya ajiye kaki nan ya yi aikin tare ruwa da dashe, shi da mata masu ɗaukar dutse a ka. "Wancan ni na dasa. Da wancan." Na ce ashe duk itatuwan ƙasar Adar shi ya dasa.

Da azahar ta yi ya jingine sandarsa ya yi salla. Bayan ya shafa ya ce mini a daji ba haka suke yi ba. Ba a ajiye bindiga a ƙasa, ba kuma a yin salla gaba ɗaya. Sai ka miƙa wa abokinka taka da hannu biyu, ya tsaya bayanka ya juya maka baya yana duban daji, in ka sallame ka karɓi tasa. "Shekara da shekaru ban kai goshi ƙasa ba sai Agali na bayana." Ina jinsa, amma idona na kan ruwa. Da ya janye, maza suka tura mota, muka isa Keita, muka ɗauki kabu-kabu biyu. Tsoho ya saɓa sanda a bayan babur kamar mai zuwa yaƙi.

Ibohamane

Musa, ɗan Baba Agali, ya tarbe mu, matarsa ta kawo ruwa da nono. Baba Agali yana zaune a rumfa, siriri, da rawani har baki. Kakana ya ƙame a gabansa ya sara. Ya faɗi sunansa. Ya faɗi sunan kaftin ɗinsu, da na rijiyar da suka taɓa kwana a bakinta. Baba Agali ya dube shi da fara'a ya ce, "Baƙo, ka sha ruwa?" Can kuma ya juya wajen Musa: "Yaro, wane ne wanga?"

Na miƙa kilishin, ashe ko haƙori ɗaya babu. Kakana ya zauna a gefen tabarma yana ta murza hularsa. Maganata ce ta tabbata, kuma ban taɓa jin haushin yin gaskiya irin na ranar ba.

Aka kira la'asar. Hawan babur ya riƙe wa kakana gwiwa, ya ce a nan zai yi, ba zai kai masallaci ba. Ya yi alwala, aka shimfiɗa buzu, ya tashi yana neman inda zai jingine sanda. Na miƙa hannu. Ya wuce ni, ya miƙa wa Baba Agali ita a kwance, da hannu biyu. Ban sani ba ko da gangan ya yi, ko hannun ne ya tuna da kansa.

Baba Agali ya karɓa. Ya shafa ta daga sama har ƙasa. Sai ya dafa ginshiƙin rumfa ya miƙe, ya zagaya bayan kakana, ya juya masa baya yana duban garken awaki.

"Yi sallarka, Albasa," ya ce. "Kuma kada ka ja muna doguwar sura, na san halinka."

Sau uku kakana yana ɗaga hannu zai yi kabbara, dariya da hawaye suna hana shi. Da ya sallame, Baba Agali ya miƙa masa sandar ya ce, "Saura ni." Musa ya rufe baki da hannu, ya ce rabon da baban ya tashi salla ba a kama shi an tsayar ba, tun kafin azumi.

Ba zan yi muku ƙarya ba, da safe ya sake tambayar wane ne baƙon. Kakana bai damu ba. Kwana biyu muka yi, kowace salla sai an miƙa sanda, kowace salla sai an kira Albasa.

Komawa

Korama ta bushe, ba mu tsaya ko'ina ba sai Buza. Motar Madawa ta cika, direba yana ta danna oda, tsoho ya ce sai ya yi la'asar. Na karɓe sandar da hannu biyu, na tsaya bayansa, na harari direban har ya cire hannu.

"Yi sallarka, Albasa," na ce. "Mota ta jira."

Ya sallame, ya karɓi sandarsa, ya ɗana mini ita a ƙafa. "Sunan ga ba na yara ba ne." Da muka zauna a mota kuma ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Amma ki riƙe shi."

Ana kiran magariba muka shiga gida. Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, ga Gwaggo Rabi da zogalenta, da Musa da maiɗakinsa. Haƙarƙarina dai har yanzu yana tuna sandar.