Hannun Hagun da Na Ɗaure da Bakina

A shekarun da suka biyo bayan samun 'yancin Gana ni tela ne a unguwar Nima da ke Ankara, babban birnin ƙasar, dogo, mai zafin rai, mai ganin babu wanda ya kai ni sanin ƙwallon kwando a duk zangon. Na koyi wasan ne a barikin soja lokacin da nake ɗinka musu kaki, shi ya sa da na dawo unguwa na sa aka ƙera mana zobe biyu na ƙarfe, muka kafa su a wani fili da ke gefen babban kwatamin da ya raba Nima da unguwar Maamobi. Samari suka riƙa zuwa bayan la'asar, suna kirana Kawu, ni kuma ina ta fankama kamar ni na ƙirƙiro wasan. Yau na tsufa, ido ya yi rauni, amma akwai abin da ya ƙi barin zuciyata, shi ne na ga ya dace in faɗa wa masu karatu. Ba zan ambaci sunan kowa ba.

Cikin samarin nan akwai biyu da suka fita daban, kuma dukansu wuri ɗaya suke riƙewa, wato mai ɗauko ƙwallo daga baya ya raba wa sauran. Ɗaya ɗan wani mahauci ne a Maamobi, kakkaura, mai ƙarfin ƙirji, ga baki. Idan ya taho da ƙwallo sai ka kauce ko ka sha ƙasa. Ɗayan kuwa ɗan wani mai fataucin goro ne a Nima, siriri, mai kunya, ba ya iya haɗa ido da babba. Aminan juna ne, kwano ɗaya na waake, wato shinkafa da wake, suke ci bayan wasa. Amma mu manya ba mu bar su haka ba. A teburin mai shayi kullum musun ke nan, wa ya fi wani, wa zai yi nisa. 'Yan Maamobi suna bayan nasu, 'yan Nima suna bayan nasu, in gardama ta yi zafi sai a juyo a ce Kawu ya yanke, ni kuma in kurɓi shayi in yi ta jan rai.

Tun makon da ɗan mai goron ya fara zuwa na yi kuskuren da ban ma san na yi ba. Muna cikin wasa ya cillo mini ƙwallo da hannun hagu, ta zo mini daidai ƙirji ban shirya ba, ta kuɓuce, yara suka yi dariya. Kunya ta sa na tsayar da wasan. Na yi masa tatas a gaban kowa, na tambaye shi ko a gidansu ba a koya masa cewa ba a miƙa wa babba abu da hagu ba. Duk wanda ya zauna a Ankara ya san girman wannan magana, ko canji mai kanti ba zai miƙo maka da hagu ba sai ya ba ka haƙuri. Yaron ya durƙusa, ya ce in yafe masa, ba zai ƙara ba. Ni kafin magariba na manta, shi kuwa bai manta ba. Daga ranar, muddin ina cikin fili ko wani babba yana ciki, da dama yake buga ƙwallo, da dama yake miƙawa, da dama yake jefawa a kwando.

To ni abin da idona ya gani da shi na yi hukunci. Na ga yaro mai basira, mai hango abokin wasa tun kafin ya kuɓuce, amma hannunsa na da nauyi, yakan yi ɗan jinkiri kamar mai tunanin wani abu kafin ya saki ƙwallo. Na riƙa faɗa a teburin mai shayi cewa ɗan mai goro yana da kai amma ba shi da hannu, ɗan mahauci kuwa yana da hannu kuma kai zai zo masa da shekaru. Maganar ta yi mini daɗi a baki har na mai da ita kamar karatu. Ɗan mahaucin da kansa ya taɓa ce mini ban san abokinsa ba, shi ko rabinsa bai kai ba. Na ɗauka kara ce irin ta abota, na ce masa ya bar wannan tawali'un ga malamai.

Ana nan sai wani kamfani da ke tashar jiragen ruwa ya kafa ƙungiya. A wancan zamani wannan ita ce hanyar cin abinci da wasa: su ɗauke ka aiki da suna, su ba ka takalmi da riga, aikinka na gaskiya shi ne ƙwallo. Mai horar da su tsohon abokina ne na bariki, ya ce mai raba ƙwallo ɗaya yake nema, in kawo biyun ya gani. Ga ɗan mai goro wannan ba ƙaramar magana ba ce, don mahaifinsa ya riga ya ce in ba a ɗauke shi aiki kafin babbar salla ba, zai tafi da shi arewa ya riƙe masa harkar goro a can. Ranar gwaji aka sa su cikin manyan maza, wasu har da furfura. Ɗan mahauci ya yi ta kutsawa yana ihu. Ɗan mai goro ya yi wasansa na ladabi, da dama, yana jinkiri. Da abokina ya ja ni gefe ya ce shi yana ganin wani abu a jikin siririn amma ni na fi sanin su, sai na maimaita masa karatuna na teburin mai shayi. Aka ɗauki ɗan mahauci.

Bayan 'yan kwanaki wanda aka ɗauka ɗin ya zo shagona, ba murna a fuskarsa. Ya roƙe ni in zo fili da yamma amma kada in shiga, in tsaya bayan rumfar mai koko inda ba za a gan ni ba. Na je ina gunaguni. Abin da na gani har yau in na rufe ido ina ganinsa. Babu babba ko ɗaya a filin, sa'o'insu ne kawai, kuma ɗan mai goro da hagu yake wasa. Ƙwallon kamar an ɗinke ta a tafinsa. Yana kallon gabas ya aika ta yamma, ta ratsa tsakanin mutum biyu ta sauka a hannun wanda ya nufa, yana dariya, dariyar da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Na yi shekaru ina auna yaro da hannun da ba nasa ba. Ina leƙowa ya hango hulata, nan take ya mayar da ƙwallon dama, dariyar ta ɗauke. Wallahi na fi son a mare ni da in ga wannan.

Washegari na tafi tashar jiragen ruwa, abokina ya ce an riga an gama, sai wata shekara. Na je wurin mahaifin, ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni goro, ya ce ya riga ya yi wa ɗan'uwansa na arewa alkawari, kuma dattijo ba ya magana biyu a kan wasan yara. Na samu yaron na ce masa hagu a fili ba rashin kunya ba ce, ni ne na yi wauta. Ya sunkuyar da kai ya ce babu komai Kawu, haka Allah ya rubuta. Bayan salla na raka su tashar mota da ke Sakul, babban shataletalen Ankara. Da motar za ta tashi ya miƙo mini hannu ta taga, na dama, ya dafa gwiwar hannun da hagunsa yadda aka koya masa. Na so in kama wancan hannun, na kasa. Ban sake ganinsa ba.

Ɗan mahauci ya yi shekaru yana buga wa kamfanin, ya yi suna daidai gwargwado, kuma har ya rasu in aka yabe shi cewa yake ba ku ga abokina ba. Ni kuma filin nan an daɗe da gina shaguna a kansa, amma in na bi ta wurin sai na tsaya inda rumfar mai koko take. Ina kewar wasan da sau ɗaya tak na gani, kuma ni na hana duniya ganinsa.

Abin da na koya shi ne, yaro mai ladabi yana ɗaukar maganar babba fiye da yadda babban ya nufa, don haka ku iyaye da malamai da masu horar da yara ku san abin da za ku faɗa cikin fushi. Kafin ku ce wane ya fi wane, ku je ku kalle su a inda ba su san kuna kallo ba. In ɗan mai goro yana raye, kuma wani ya karanta masa wannan, ina roƙonsa ya zo Nima ya tambayi tsohon tela mai dogon wuya. Ya miƙo mini hannun da ya ga dama.